Yadda Ake Gane Launin 'Yan Tsakin Bantam Tun Daga Ƙyanƙyasa Har Su Cika Gashi

Ɗan tsakon bantam ba kullum yake zama da launin da ya fito da shi daga ƙwai ba. Wanda ka gani rawaya yau, nan da wata huɗu yana iya zama fari fat, ko ruwan goro, ko kuma zakara mai ƙirji baƙi wuluk da wuya ja. Wanda ya fito baƙi yana iya tsayawa a baƙinsa, yana iya yin ratsi, yana iya fesowa da ɗigo-ɗigon fari. Ga mai kiwon kajin nama wannan ba abin damuwa ba ne. Amma bantam ƙananan kajin ado ne, launi ake saye, kuma sau da yawa tun suna cikin kwali ake yanke musu kuɗi. Don haka dole mai kiwonsu ya iya karanta ɗan tsako.

Karatun ba a rana ɗaya ake yin sa ba. Gashin haihuwa, wato lallausan gashin nan da ɗan tsako ke fitowa da shi, dangi kawai yake nuna maka. Fiffike ya rage maka zato, ƙirji ya ƙara ragewa, sannan gashin girma ya yanke hukunci. Duk wanda ya tsallake mataki ɗaya ya laƙaba wa ɗan tsako suna, canki-canka yake yi.

Kafin a shiga matakan, ka riƙe abu guda a ka. Sinadaran launi biyu ne kacal a gashin kaza: ɗaya baƙi, ɗaya ja, wanda ke saukowa har zuwa ruwan goro da rawaya. Fari rashin launi ne. Ruwan toka baƙi ne da aka tsarma. Duk sunayen nan masu daɗin ji da masu sayarwa ke jerowa, amsar tambaya biyu ce: ina baƙi ya zauna a jikin kazar, ina ja ya zauna, kuma wanne aka tsarma ko aka rufe?

Mataki na farko: fara da iyaye

Rabin aikin yana ƙarewa tun kafin a sa ƙwai. In ka san zakaran da kazar, ka san abin da zai iya fitowa da abin da ba zai taɓa fitowa ba. Sai dai sanin iyayen ma yana da sharaɗi. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta har mako 2 zuwa 3, saboda haka in tana yawo cikin garke mai zakaru da yawa, ka ware ta da zakaran da kake so, ka jira kamar mako 4 kafin ka fara tara ƙwan da za ka dogara da shi. Sannan wadda ta yi kwanci ba lallai ita ce uwa ba. Kaji uku suna iya zuba ƙwai a gurbi ɗaya, Silki kuwa, wato kazar nan mai lallausan gashi kamar auduga, ko ƙwan wa aka sa mata za ta rungume. Ka riƙa rubuta alamar uwa da kwanan wata a jikin kowane ƙwai da fensir ranar da ka ɗauke shi.

In saye za ka yi, kada ka ji kunyar cewa, "Alhaji, a nuna mini uban da uwar." Mai kiwon da ya san abin da yake yi zai kai ka akurki ko ya buɗe maka hoto a waya. Wanda ya ce maka duk iri ɗaya ne, ka saya a kuɗin gauraye, kada ka biya kuɗin launi.

Akwai nau'in da ko ka ga iyayen ba ka tsira ba. Serama ta ƙasar Malesiya, wadda ke cikin mafi ƙanƙantar kajin duniya, tsayuwa da ƙirar jiki aka bi wajen kiwonta, ba a tace launinta ba, don haka iyaye biyu masu kama ɗaya suna iya ba ka 'ya'ya kowanne da nasa. Haka farar kaza. Fari rufi ne, ba ka san abin da ke ƙarƙashinsa ba sai ka haɗa ta da mai launi 'ya'ya sun tona.

Mataki na biyu: shaida da hoto

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, amma na ƙananan bantam yakan riga da kwana ɗaya ko biyu. Kada ka duba launi ɗan tsako yana jiƙe, domin jiƙaƙƙen gashi ya fi duhu. Ka bar shi ya bushe ya yi bukut, washegari ka fara.

Kowane ɗan tsako ya samu shaidarsa. Zare mai launi a ƙafa ya isa, amma ka riƙa duba shi duk mako kana sassautawa, don ƙafar tana kauri da sauri, zaren da aka manta kuwa yana cin fata, musamman ga nau'in Pekin da Silki, masu gashi a ƙafa da ke ɓoye zaren. Ɗigon jan farce a farcen yatsa ɗaya ma yana aiki in ana sabunta shi. Abin da ba a so shi ne shafa launi a ka ko a baya, wuraren da za ka karanta ke nan. Masu rina 'yan tsaki don tsoron shirwa su ɗauki hoto kafin rini.

Hoto uku ake buƙata: daga sama a ga kai da baya, daga gefe, sai ƙasan ciki da ƙafafu. Ka ɗauka da hantsi a inuwa, a kan farar takarda. Hasken ƙwan fitilar ɗumama yana mayar da fari rawaya, yana mayar da toka ruwan ƙasa, kada ka yarda da shi. Ka hanzarta kuma, don a makon farko suna son ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos, in lokacin hunturu ne minti biyu a waje ya ishe su. Ka maimaita hotunan nan rana ɗaya a kowane mako.

Mataki na uku: karanta gashin haihuwa

Zuba su wuri ɗaya ka raba su gida huɗu: baƙaƙe, masu zane a baya, masu ruwan toka, da rawaya.

Baƙaƙen su ne suka fi sauƙi in ka san inda za ka duba. Wanda bayansa baƙi ne, maƙogwaro da ƙasan ciki ruwan madara, wani lokaci har da ɗan fari a bakin fiffike, yawanci baƙi zai zama gaba ɗaya. Farin nan ba aibi ba ne, zai tafi. In farin ya yi yawa, ya hau fuska ya kewaye ido ya mamaye ƙirji, ka sa alamar tambaya, domin haka 'ya'yan baƙi mai ɗigon fari suke fitowa. Wanda kuma ya fito baƙi kusan ko'ina, da ɗan ja-ja ko hasken azurfa a fuska, wataƙila in ya girma jiki zai tsaya baƙi, wuya ya yi ruwan zinare ko na azurfa. 'Yan tsakin Sebright, nau'in bantam mai baƙin kewaye a gefen kowane gashi, su ma masu duhu ne, fuskar ce ke gaya maka na zinare ne ko na azurfa.

Sai ka duba tsakar ka. Farin tabo a tsakar kan baƙin ɗan tsako alamar ratsi ce: zai girma da layukan baƙi da fari a kwance a kan kowane gashi, irin da a gida akan haɗa da sauran masu ɗigo a ce wake-wake. Wannan tabo ba kasafai yake ƙarya game da ratsi ba, kuma yana ba da labarin jinsi. A zuriyar da uwa da uba duk masu ratsi ne, tabon namiji ya fi faɗi kuma a watse yake, na mace ƙarami ne a dunƙule, gaban ƙafarta kuma ya fi duhu. Ba kullum ake dacewa ba, amma an fi dacewa.

Dalilin yana da kyau a sani, don zai yi maka amfani a wurare da yawa. A kaji, zakara ne ke ɗauke da sandar gado iri ɗaya guda biyu, ZZ, kaza kuwa ZW. Umarnin ratsi a kan Z yake. Kaza Z ɗaya gare ta, daga ubanta ta samo shi, kuma 'ya'yanta maza kaɗai take ba wa. A nan 'ya mace ce ke gadon uba. Saboda haka in ka haɗa kaza mai ratsi da baƙin zakara marar ratsi, duk ɗan tsakon da ya fito da tabo namiji ne, marasa tabo mata. In ka juya, zakara tsantsar mai ratsi da baƙar kaza, kowa zai fito da tabo, ba ka gane komai. A kan wannan ilimi Reginald Punnett da Michael Pease suka gina kazar Cambar a Cambridge ta Ingila a ƙarshen shekarun 1920, wadda ake gane jinsin 'ya'yanta ranar ƙyanƙyasa.

Zinare da azurfa ma a kan Z suke, azurfa ce ke rinjaye. Zakaran zinare da kazar azurfa suna ba da mata masu ja-ja da maza masu haske. Duk wanda ya taɓa sayen 'yan tsakin ISA Brown, jajayen kajin ƙwai na gidan gona, ya ga wannan da idonsa: matan jajaye ne, mazan da ake sayarwa da arha farare. Abin da ke aiki a gidan gona shi ne ke aiki a Sebright ɗinka.

Gida na biyu masu zane. Ka ga ɗan tsako da faffaɗan layi mai duhu daga ka har gindi, layuka masu haske a gefe da gefe, da baƙin layi da ya ratsa ido, kusan irin zanen 'ya'yan zabi. In zanen a fili yake, gefensa tsaf, launin asali ne na kazar daji: zakara zai yi ƙirji baƙi da wuya ja ko ruwan zinare, kaza ta yi baya ruwan ƙasa da ƙirji ja-ja mai haske. In tsakanin layukan ya yi fari-fari maimakon ruwan zuma, ɓangaren azurfa ne na wannan dangi. In kuwa zanen ya dusashe, kan ya yi ruwan ƙasa mai duhu ba tare da tsayayyen layi ba, ka karkata ga launin da ake kira fatirij, wanda ya yi yawa a Pekin da Silki.

Gida na uku, masu ruwan toka, suna da nasu babi a ƙasa.

Gida na huɗu shi ne mai wahala, kuma nan aka fi cutar masu saye. Ɗan tsako rawaya yana iya zama aƙalla abu biyar: fari, ruwan goro, ruwan alkama, fari mai baƙin wuya da bindi, ko mai zanen furanni irin na nau'in d'Uccle. Akwai 'yan alamu. Mai zama ruwan goro ya fi sauran cika, rawayarsa ta nuna sosai har ƙasan ciki. Mai zama fari rawayarsa fayau ce, wani ma da ɗan hayaƙi-hayaƙin toka a baya, wani da ɗigon baƙi ɗaya ko biyu. Mai baƙin wuya yakan zo da toka-toka a gadon baya ko ƙeya. Amma a gaskiya a ranar farko ba na yanke wa rawaya hukunci, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya yanke ba, tunda nan da kwana goma fiffike zai yi magana.

Mataki na huɗu: fiffike, kwana 5 zuwa mako 2

Gashin fiffike ne ke fara fitowa, sai na bindi da kafaɗa. Ka ɗora ɗan tsakon a tafin hannu, babban yatsa a kan bayansa a hankali, ka kama bakin fiffiken da yatsu biyu ka buɗe shi ta fuskar haske. Za ka ga gashin yana fitowa cikin siririn kube mai sheƙi, bakinsa ya fara tsagewa ya yi ɗan buroshi. Kuben kansa yana nuna abin da ke ciki: mai duhu baƙi ne ke tafe, mai haske ko ja-ja fari ne ko ruwan goro. Kada ka ja shi, kada ka murje kuben, akwai jini a gindinsa.

Yanzu koma kan rawayan nan. Fiffike fari tas ba gauraye, fari ne. Ruwan goro bai ɗaya, ruwan goro ne, ko da ɗan baƙi-baƙi a ciki wanda zai iya ragewa ko ya tsaya a bindi. Fari da baƙi a ɓangaren ciki na dogayen gashin, wannan mai baƙin wuya da bindi ne, ko da yake baƙin wuyan sai can gaba zai fito. In kuwa ruwan alkama ne, nan za ka ga abin mamaki: 'yan'uwa biyu da suka fito rawaya iri ɗaya, ɗaya fiffikensa ya soma baƙi-baƙi, ɗaya ya tsaya ruwan ƙasa mai haske. Mai duhun namiji ne, mai hasken mace. Zuwa mako 2 ko 3 bambancin ya fito sarai.

Baƙin ɗan tsako da ya fito da farin gashi ɗaya ko biyu a bakin fiffike, ka ƙyale shi, yawanci yana zubewa a canjin gashi na gaba. Mai tabo a ka zai fara nuna ratsinsa tun a nan. Sebright kuma zai nuna gashi mai zinare ko fari a tsakiya da baƙin kewaye, ko da kewayen bai daidaita ba tukuna.

Wani tarko: 'yan fatirij da masu zanen daji suna fito da gashin farko mai layuka a kwance, ruwan ƙasa da baƙi. Sabon mai kiwo sai ya ce ratsi ne. Koma kan hoton ranar farko. In babu farin tabo a ka, ba ratsin gado ba ne, zanen ƙuruciya ne, zai canja.

In wani ya makara wajen fitar da gashi alhali yana ci yana wasa, ba lallai ciwo ba ne. Akwai gadon jinkirin gashi, kuma a nau'o'i da dama maza sun fi mata jinkiri.

Mataki na biyar: ƙirji, mako 4 zuwa 6

Bayan fiffike da kafaɗa sai gefen ƙirji da baya, kai da wuya su ne na ƙarshe. Zuwa mako 6 yawancinsu sun rufe jiki. Wannan ne lokacin da suka fi muni, gashin haihuwa na maƙale a wuya, sabo na tsirowa ta ko'ina, amma shi ne lokacin da ya fi ba da labari.

Juya shi ka hura iska a hankali a gefen ƙirji, gashin zai buɗe ka ga sababbin da ke tafe. A dangin zanen daji, ruwan alkama da fatirij, baƙin gashi a ƙirji namiji ne. Mace mai zanen daji ƙirjinta ja-ja ne mai haske, mace ruwan alkama ƙirjinta ruwan madara, mace fatirij kuwa ƙirjinta ruwan ƙasa ne mai zane. Ka haɗa da zanko: na namiji ya fara ja da girma tun a wannan lokaci, na mace yana nan ƙarami fayau. Jan da ya cika sosai a kafaɗar fiffike, faci guda, shi ma kusan kullum na namiji ne.

Baƙi mai ɗigon fari a wannan mataki yakan ba mutum tsoro, ƙirji da ciki duk fari, baya baƙi, babu ɗigo ko ɗaya mai kyau. Haka yake. Tsararren ɗigon, fari a bakin kowane gashi, sai a gashin girma. Masu ratsi kuma nan ne za ka ga namijin tsantsa ya fi mace haske, don shi Z biyu ne ke ba shi umarnin ratsi, farin layinsa ya fi faɗi.

Toka biyu da mai feshi

Ruwan toka iri biyu ne a bantam, ido yana ganinsu kusan ɗaya, gado kuwa ya raba su nesa. Masu sayarwa suna kiran ɗaya bulu, ɗayan labanda.

Bulu ƙwayar gado ɗaya ce ke tsarma baƙi. In ɗan tsako ya samu ɗaya, ya zama toka. In ya samu biyu, daga uwa da uba, sai ya wuce toka ya zama fari-fari mai feshin toka da baƙi nan da can, wanda ake kira sifilash. In bai samu ko ɗaya ba, baƙi ne. Shi ya sa bulu da bulu ba sa ba da bulu zalla: a lissafi rabi bulu, kashi ɗaya cikin huɗu baƙi, kashi ɗaya cikin huɗu mai feshi. Bulu da baƙi rabi da rabi. Mai feshi da baƙi su ne ke ba da bulu gaba ɗaya. Lissafin nan na ƙwai masu yawa ne. A ƙwai 8 kana iya rasa mai feshi ko ɗaya, ba wanda ya cuce ka.

Labanda kuwa sai ɗan tsako ya gaje ta ta ɓangare biyu take bayyana. Labanda da labanda duk 'ya'yan labanda ne. Labanda da baƙin da ba ya ɗauke da ita, duk 'ya'yan baƙaƙe ne, suna ɓoye da ita a jini.

Ga yadda ake raba su da ido. Ɗan tsakon bulu tokarsa tana da duhu, ba ta zama ɗaya tsakanin 'yan'uwa, wani har ya kusa baƙi, ƙasan cikinsa kuma ruwan madara. Na labanda tokarsa mai haske ce, shimfiɗe bai ɗaya. Mai feshi yana fitowa fari-fari da ɗan hasken toka, feshin sai daga baya yake zuwa gashi bayan gashi. Da girma, gashin bulu gefensa ya fi tsakiyarsa duhu, zakaran kuma wuyansa da gadon bayansa sun fi ƙirjinsa duhu sosai. Labanda daga ka har bindi launi ɗaya ce, zakara da kaza. Bambanci mafi ƙarfi shi ne bulu baƙi kaɗai yake tsarmawa, ya bar ja yadda yake, labanda kuwa tana tsarma duka biyun, ja ya koma ruwan madara. In ka ga kaza ruwan toka da ja sosai a wuya ko kafaɗa, ba labanda ba ce, ko wa ya faɗa.

In bulu ya yi duhu har ka kasa raba shi da baƙi, fito da su rana tare bayan sun yi gashi. Baƙi na gaske yana sheƙin kore, bulu ba ya yi.

Mataki na shida: wata 2 zuwa wata 5

Daga wajen mako 7 zuwa 12 suna sake canja gashi a hankali, za ka riƙa ganin ƙananan gashi a ƙasan akurki. Wajen wata 3 zakaru suna fito da siraran gashi masu tsini da sheƙi a wuya da gaban bindi, kuma nan ne ɓoyayyen launi ke yoyo. Zakaran da ka rubuta baƙi tsantsa sai ka ga ja ko azurfa ya ɓullo a wuya da kafaɗa. Wannan ba ya komawa, ƙaruwa ma yake yi, kuma yana gaya maka akwai gauraye a zuriyar. In tsantsar baƙi ko bulu kake son fitarwa, kada ka haɗa shi da kaza don fitar da zuriya.

A wannan lokaci ne macen fatirij ke ajiye layukan kwance na ƙuruciya ta ɗauki zanen gaske, layi cikin layi yana bin siffar gashin. Nan ne kuma mai furanni ke cika sunansa. D'Uccle, ɗan bantam mai gemu da gashin ƙafa da Michel van Gelder ya fitar a Uccle kusa da Brussels a farkon ƙarni na 20, launinsa da ya fi shahara shi ne milfila: kowane gashi ruwan goro mai duhu, sai baƙin layi, sai farin ɗigo a baki. Ɗan tsakonsa rawaya ne mai ɗan duhu a baya, gashinsa na farko kuma ruwan ƙasa da baƙi ne, farin kaɗan ko babu. Mutane da yawa suna sayar da shi da arha a wata 2 suna cewa bai yi ba, alhali lokacinsa ne bai yi ba. In aka ƙara wa milfila labanda ta ɓangare biyu sai a samu fosilin, ruwan madara da toka mai haske da farin ɗigo.

Nau'i biyu ba sa bin wannan tsari. Sebright, wanda Sir John Sebright ya fitar a Ingila a farkon shekarun 1800, zakaransa gashin mace gare shi, ba tsini a wuya, ba lanƙwasasshen bindi. Zanko da cara za ka bi. Silki kuma gashinta ba shi da ƙananan ƙugiyoyin da ke riƙe zaren gashi wuri ɗaya, don haka duk wani zane yana watsewa ya zama gauraye. In kana son ganin zanen Silki, buɗe fiffike, nan ne gashin ya ɗan haɗu. Fatarta baƙa ce ko da gashin fari ne, yatsunta 5, kada duhun fatar ya sa ka ce farin ɗan tsako toka ne. Jinsinta ma yakan kai wata 4 ko fiye kafin a tabbatar.

Abin da ke ɓata karatu

Kafin ka zargi gado, duba muhalli. Rana mai zafi tana ƙona baƙi ya koma ja-ja, tana sa farin zakara ya yi rawaya a wuya da baya. Wankan ƙasa a jar ƙasa da ƙurar hunturu suna rina farar kaza. Hanyar ganewa ɗaya ce: buɗe gashin ka duba gindinsa da sababbin da ke tsirowa. In can ciki baƙi ne ƙirin ko fari tas, matsalar daga waje take, inuwa da tsabta za su gyara a canji na gaba.

Abinci ma yana da hannu. Ɗan tsakon da aka tashe shi da tsaki da dusa kaɗai gashinsa yakan fito a bushe, launin a dusashe, wani lokaci da fari a inda bai kamata ba, don gashi furotin ne kusan gaba ɗayansa. Abincin farko na 'yan tsaki mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin 100 shi ya dace da makonnin farko. Siraran layuka da suka ratsa gashi a kwance, inda gashin ya yi rauni har haske na wucewa, alamar yunwa ce ko ciwo ko sanyi da ya same shi ranar da wurin ke tsirowa, ba ratsin gado ba. Ƙwarƙwata da ƙuma kuma suna cinye gefen gashi, kewayen Sebright ya lalace.

Launin ƙafa kada ka dogara da shi da wuri. Yawancin masu duhun ƙafa sai bayan makonni duhun ke zama sosai.

Wajen wata 5 zuwa 6 za ka iya rubuta sunan launi a littafinka ka tsaya a kai, ka kuma yanke kuɗi. Ka ajiye hoton ranar farko kusa da na wata 6 na kowane ɗaya, tare da sunan uwa da uba, domin ƙyanƙyasa ta biyu daga iyayen nan za ka karanta ta tun a mako na farko. Masu ɗigon fari da milfila ne kaɗai za ka bar wa fili a shafin: a babban canjin gashi na farko, wajen wata 16 zuwa 18, farinsu yana ƙaruwa, haka kuma kowace shekara. Saboda haka in za ka zaɓi wanda za ka riƙe a cikinsu a wata 6, ɗauki wanda farinsa ya ɗan gaza, ka sayar da wanda ya riga ya cika.